Yanayin zuciyar ɗalibi da tasirinsa ga karatu

Yanayin zuciya, wato tsoro, kunya, kewa ko farin ciki, yana cikin abubuwan da ke tantance yawan abin da ɗalibi zai fahimta ya kuma riƙe. Sau da yawa yaron da ake yi wa kallon daƙiƙi ba basira ya rasa ba, natsuwa ce ta ƙwace masa.

Idan tsoro ya kama mutum, jiki yakan saki sinadarin kotisol. Kaɗan daga cikinsa yana farkar da hankali, amma idan ya yi yawa ko ya daɗe, yakan raunana ɓangaren ƙwaƙwalwa mai adana sabon darasi da tuno shi. Tun a 1908 masana biyu 'yan Amurka, Robert Yerkes da John Dodson, suka nuna ta gwaji da ɓeraye cewa matsi matsakaici yana taimakon koyo, mai tsanani kuwa yana ɓata shi, musamman a aiki mai wuya. Shi ya sa ɗalibi kan haddace darasi da daddare, ya shiga ɗakin jarrabawar WAEC ko NECO kansa ya ɗaure.

A kudancin Jigawa lamarin yana da fuskoki da dama. Birnin Kudu ta daɗe da shahara da karatun kwana, domin a Kwalejin Gwamnati ta garin Aliko Dangote ya yi sakandare. Sabon ɗalibin kwana, ko a ina yake, yakan fara da kewar gida kafin ya saba. A ƙauyukan Gwaram kuwa, yaron da ya tashi da Hausa ko Fulatanci yakan yi shiru a darasin Turanci don gudun dariyar 'yan aji, ga gajiyar gona da damina.

Masanin nan Bajamushe, Reinhard Pekrun, ya bayyana a 2006 cewa himmar ɗalibi ta rataya ne a kan abu biyu: ganin cewa zai iya, da ganin cewa karatun yana da amfani. Rashin na farko yana haifar da fargaba, rashin na biyu kuma gundura.

Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta wajabta karatun shekara tara kyauta, amma kai yaro aji daban, kwantar masa da hankali daban. Wannan aikin malamai ne da iyaye: gyara kuskure ba tare da muzantawa ba, yaba ƙoƙari, da tambayar dalili kafin ɗaukar bulala idan sakamako ya faɗi.