Tarihin Yaƙi da Wuta-wuta a Ƙasar Makarfi

Duk wanda ya tashi a Ikara, Makarfi ko Kudan kamar ni ya san wuta-wuta, wato ƙuduji. Takan maƙale wa saiwar dawa ta tsotse ta tun ba ta ɓullo ba, irinta kuwa yakan yi shekara goma da ɗoriya a ƙasa yana jiran a shuka hatsi. Kakanninmu da taki da hutar da gona suka yaƙe ta. Da masara ta bazu daga ƙarshen shekarun 1970, jama'a kuma suka ƙaru, gona ta daina hutawa, ciyawar ta sami sake.

Sai masana suka shiga neman cutar da ke kama ita ciyawar. A 1999 Paul Marley da abokan aikinsa na Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru suka ba da labarin wata fumfuna, Fusarium oxysporum, mai kashe wuta-wuta ta bar dawa. Daga baya aka gano hanyar shafe iri da ita kafin shuka. Kenya ta yi wa irin wannan magani rajista a 2021. Ni dai ban taɓa ganinsa a kasuwar Makarfi ba, alhali ga Samaru nan kusa da mu.