Bayin da Aka Hayar Kogin Danub

Yau za mu koma zamanin da, can ƙasar Turai, bakin wani babban kogi da a ke kira Danub. Kudu da kogin mulkin Rum ne, arewa kuwa ƙasar Gotawa, mayaƙa ne na gaske. Shekara da shekaru suna kai wa juna hari.

Wajen shekara ta 260 Gotawa suka kai hari har Kafadokiya, cikin ƙasar Turkiyya ta yanzu, suka kwaso bayi. Cikin bayin nan akwai masu bin Yesu. An raba su da gida da dangi, amma ba su bar addu'a ba, har waɗansu iyayengijinsu suka ba da gaskiya. Cikin zuriyarsu aka haifi Ulfila, wajen 311. Ya tashi da harshen Gotawa a bakinsa, ya kuma iya Helenanci. Da aka naɗa shi bishop, sai ya ga mutanensa ba su da littafi ko ɗaya. Ya zauna ya shirya musu haruffa, ya juya Littafi Mai Tsarki cikin harshensu. An ce da gangan ya tsallake Littattafan Sarakuna, wai mutanen da suka ƙware da yaƙi ba su bukatar ƙarin labarin yaƙi. Ni dai ban ga laifinsa sosai ba.

A 376 waɗansu mahaya daga gabas, Hunawa, suka koro Gotawa. Dubban mutane suka taru bakin kogi suna roƙon mafaka, Sarkin Rum Balens ya yarda su haye. To, ku 'yan kasuwa, ku ji irin cinikin da aka yi. Yunwa ta kama baƙin nan, sai hakiman Rum suka tattara karnuka suna sayar musu, kare ɗaya a bakin mutum ɗaya. Har 'ya'yan manya aka kai bauta saboda naman kare. Daular da ke kiran kanta ta Kirista ke nan!

Gotawa suka tayar. Ran 9 ga Agusta 378 aka gwabza kusa da garin Adiriyanobul, wanda yanzu a ke kira Edirne. Wajen kashi biyu cikin uku na rundunar Rum suka hallaka, Balens kansa ya mutu, ko gawarsa ba a gani ba.

Ulfila ya ga wannan duka, gama sai a 383 ya rasu. Wani sashe na ragowar fassararsa yana nan ajiye a garin Upsala, ƙasar Suwidin, an rubuta shi da tawadar azurfa.