Kare bayanan ɗalibai a intanet: abin da dokar Najeriya ta tanada

Makarantu da dama a Najeriya na amfani da manhajoji wajen rajistar ɗalibai, fitar da sakamakon jarrabawa da koyarwa daga nesa. Ta wannan hanya sunan yaro, hotonsa, ranar haihuwarsa da adireshin gidansu kan shiga hannun kamfanonin da iyaye ba su sani ba.

Sashe na 37 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya tabbatar wa kowane ɗan ƙasa 'yancin sirri. Dokar Kare Bayanai ta Najeriya, wadda Shugaba Bola Tinubu ya sanya wa hannu a watan Yunin 2023, ita ta fayyace yadda za a kiyaye wannan 'yanci, ta kuma kafa Hukumar Kare Bayanai ta Ƙasa, NDPC.

Sashe na 31 na dokar ya ce idan za a dogara da amincewa wajen sarrafa bayanan yaro, wajibi ne a samo ta daga iyaye ko waliyyi. Yaro a nan shi ne wanda bai kai shekara 18 ba, bisa Dokar Haƙƙin Yara ta 2003. Haka nan dole ne a tantance shekarun yaron da sahihancin amincewar, kuma yin shiru ba amincewa ba ne.

Sai dai dokar ta yi sassauci inda ake ƙoƙarin ceton ran yaro, ko a gaban kotu, ko a aikin ilimi da lafiya ƙarƙashin ƙwararren da nauyin riƙe sirri ke kansa. Wannan sassauci na aikin karatu ne, bai shafi amfani da bayanan ɗalibai wajen talla ba.

Iyaye na da damar neman sanin bayanan da aka tattara, a gyara kuskure, ko su janye amincewarsu. Idan aka yi kutsen da zai iya cutar da masu bayanan, wajibi ne a sanar da NDPC cikin sa'o'i 72.

Tarar saɓa dokar na iya kaiwa naira miliyan 10 ga manyan masu sarrafa bayanai, miliyan 2 ga sauran, ko kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigarsu na shekara, duk wanda ya fi yawa. Iyayen da ke da ƙorafi na iya miƙa shi ga hukumar.