Agogon Ɗaya da Sifili

'Yan ajinmu za su tuna ranar da malaminmu na lissafi ya rubuta 101 a allo, ya ce biyar ke nan. Ajin ya kaure da dariya, kuma ni ne na ɗaga hannu na tambaye shi inda za a kai wannan ilmi a sayar. Ya dube ni kurum, ya ci gaba da darasinsa na lissafin tushe biyu.

Bara wani abokin aikina ya sa mini wata manhajar agogo a kwamfutar ofis. Ba ta da hannu, ba ta da lamba, sai ƙananan fitilu a layi shida a tsaye: biyu na awa, biyu na minti, biyu na daƙiƙa. Fitilar ƙasa darajarta 1, ta samanta 2, sai 4, sai 8. Waɗanda suka kama ake tarawa, in ta 4 da ta 1 suna ci, biyar ke nan. Ashe 101 ɗin Malam ce ta biyo ni har ofis!

Wannan ya sa na bi diddigin abin. A 1703 wani masani Bajamushe, Gottfried Leibniz, ya rubuta wa majalisar masana ta Faransa maƙala yana nuna cewa ɗaya da sifili sun isa a rubuta kowace lamba. Ya yi murna ƙwarai da ya ga alamomi 64 na wani tsohon littafin duba na ƙasar Sin sun dace da tsarinsa. (Masu bugun ƙasa na wajenmu ma da ɗigo ɗaya ko biyu suke fitar da gidajensu goma sha shida.) A 1854 George Boole, ɗan Ingila, ya mai da "gaskiya" da "ƙarya" abin lissafi. Ilmin ya daɗe a kwance cikin littattafai, sai a 1937 wani ɗalibi a Amurka, Claude Shannon, yana ɗan shekara 21, ya nuna cewa makunnin lantarki, a kunne ko a kashe, zai iya yin wannan lissafi. A kan haka aka gina kwamfutar da ake lissafa albashinmu da ita.

Koyon karanta agogon bai zo mini da sauƙi ba. Ran nan na rikita fitilar 2 da ta 4, na ɗauka ƙarfe biyu ta yi, na ruga masallaci da tsakar rana, ko ladan bai iso ba. Amma bayan mako biyu na daina ƙirgawa, ido ya saba da siffar kowace lamba. Layin daƙiƙa ne ya fi ɗauke mini hankali, in 9 ta cika sai fitilunsa su mutu baki ɗaya, a ƙara ɗaya a layin hagu.

Malam, in wannan mujalla ta iso hannunka, mai tambayar nan ne yake neman gafara.