Leilani: Sunan da Waƙa Ta Fitar Daga Gida

Duk shekara gwamnatin Amurka takan fitar da jerin sunayen da aka fi raɗa wa jarirai a ƙasar. A 'yan shekarun nan, cikin ɗari na farko na 'yan mata, akwai wani suna da ba daga Turanci ya fito ba, ba kuma daga Baibul ba: Leilani. Asalinsa tsibiran Hawayi ne, can tsakiyar tekun Fasifik, kusan kilomita 4,000 daga gaɓar Kaliforniya. Iyaye a jihohin da ba su haɗa komai da tsibiran ba suna sa wa 'ya'yansu shi saboda daɗinsa a baki, kuma ban ga laifinsu ba. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, a lokacin da sunan ya fara yawo a duniya, masu shi na asali doka ta ɗaure musu hannu, ba su da ikon raɗa suna yadda kakanninsu suke yi.

Kalmomi biyu ne aka haɗa. Lei ita ce sarƙar furanni da ake rataya wa mutum a wuya don girmamawa ko ƙauna. Da ita kuma suke kiran ɗan lele, domin idan aka ɗora yaro a kafaɗa, ƙafafunsa sukan sauko ta gefe biyu na wuyan mai ɗaukarsa kamar yadda sarƙar take saukowa. Lani kuwa sama ce, kuma da ita ake kambama jinin sarauta, shi ya sa take a ƙarshen sunayen 'ya'yan gidan sarautarsu irin su Kapiʻolani da Kaʻiulani. Don haka wanda ya ce Leilani na nufin furen sama ya yi daidai, wanda ya ce 'yar sarauta ce abar ƙauna shi ma bai kauce ba.

Kafin zuwan Turawa, mutumin Hawayi ba ya zaɓen suna don daɗinsa kawai. Suna a wurinsu dukiya ce, mallakin mai shi da danginsa, ba a ɗaukar na gidan wani a sa wa yaro sai da izini. Ba su da sunan dangi da ake gada daga uba, ba su kuma raba na maza da na mata ba. Mafi nauyi a cikin sunayensu shi ne wanda suke kira inoa pō, sunan dare: wata kaka ko wani dattijo a gida ya kwanta ya ji sunan a mafarki, gari na wayewa ya sanar da iyali. Sun yi imani kakannin da suka rigaya ne suka aiko shi, kuma idan aka ƙi sa wa jaririn, ciwo ba zai rabu da shi ba. Wani sunan kuma daga alama yake zuwa, siffar gajimare ko giftawar tsuntsu. Yaro mai yawan laulayi akan laƙaba masa mummunan suna irin Pupuka, wato mummuna, don miyagun iskoki su raina shi su ƙyale shi, kamar dai yadda uwar da ta sha wabi a ƙasar Hausa take kiran ɗanta Ajuji.

Akwai kuma sunan da ake raɗawa don a riƙe wani abu da ya faru. A ranar 2 ga Satumba 1838 aka haifi wata jaririya a gidan kakanta, wani ɗakin ciyawa a gindin tsaunin da ke bayan Honolulu. A kwanakin, Kīnaʻu, babbar mai riƙon mulkin ƙasar, tana fama da ciwon ido. Sai ta raɗa wa yarinyar Liliʻu Loloku Walania Kamakaʻeha: raɗaɗi, zubar hawaye, zafi mai ƙuna, ido mai ciwo. Babu fure a ciki, babu kirari. Amma duk wanda ya ji sunan ya san lokacin da aka haife ta, ya san kuma wace babba ce ta damu da haihuwarta har ta saka ta a cikin tarihin jikinta. A al'ummar da ta daɗe tana ajiye tarihinta a ka, ban san wata ajiya da ta fi wannan aminci ba. Da aka yi wa yarinyar baftisma aka ƙara mata Lydia, a 1877 kuma yayanta Sarki Kalākaua ya naɗa ta magajiyarsa da sunan Liliʻuokalani. Ita ce sarauniyar Hawayi ta ƙarshe.

Wannan Lydia da aka ƙara mata tana nuna inda iska ta juya. 'Yan mishan daga Amurka sun sauka a 1820, suka tsara wa harshen rubutu da haruffa 12. Sunayen Baibul suka shigo, bakin mutane ya lanƙwasa su: Dauda ya zama Kawika, Yahaya ya zama Keoni, Maryamu ta zama Malia, sunan da duniya ta ƙara sani ta hanyar babbar 'yar Barack Obama, wanda shi kansa haifaffen Honolulu ne. Har nan dai da sauƙi, domin kowane harshe yana aro. Babbar illar ta zo ne a 1860, da Sarki Kamehameha na Huɗu ya sa hannu a dokar tsara sunaye. Dokar ta ce kowane yaro zai ɗauki sunan ubansa a matsayin sunan dangi, a kuma ba shi sunan Kirista wanda ya dace da jinsinsa, matar aure kuwa ta koma amsa sunan mijinta. A ganina rabon filayen da aka yi a ƙasar a 1848 yana da hannu a ciki, tunda takardun mallaka da na gado suna buƙatar suna tsayayye. Ko ma mene ne dalili, sunan da kaka ta gani a mafarki ya koma na tsakiya, wanda ake kira a cikin gida, na Turanci kuma ya hau takarda. Dokar ta zauna shekara 107, sai a 1967 aka soke ta.

A tsakanin nan ƙasar kanta ta suɓuce. Cututtukan da jiragen ruwa suka kawo tun zuwan Kyaftin Cook a 1778 sun cinye jama'a, har ƙidayar 1896 ta sami 'yan asalin tsibiran, da ruwa biyunsu, ba su kai 40,000 ba. A ranar 17 ga Janairu 1893 attajirai fararen fata, da sojojin ruwan Amurka a bayansu, suka hamɓarar da Liliʻuokalani. A 1896 sabuwar gwamnati ta ce da Turanci kawai za a koyar a makarantu, a 1898 Amurka ta haɗiye tsibiran. Tsofaffi da yawa sun ba da labarin yadda aka hore su a makaranta don sun yi magana da harshen iyayensu.

To, a cikin wannan hali ne Leilani ya fita duniya. Harry Owens, mutumin jihar Nebraska, shi ne shugaban makaɗan otal ɗin Royal Hawaiian da ke bakin ruwan Waikiki. A 1934 aka haifa masa 'ya mace, ya sa mata Leilani, ya kuma tsara mata waƙa mai suna "Sweet Leilani". Mawaƙi Bing Crosby ya ji ta, ya rera ta a fim ɗin Waikiki Wedding na 1937, faifanta ya yi kasuwa ƙwarai, ta kuma ci lambar Oscar ta waƙar fim. A 1935 kuma aka fara wani shirin rediyo mai suna Hawaii Calls da aka riƙa watsawa daga Waikiki zuwa gidajen Amurkawa, yana tallata musu tsibiran a matsayin aljannar duniya. Ba na shakkar ƙaunar uban nan ga 'yarsa. Amma abin da ciwo: Ba'amurke ya raɗa wa 'yarsa sunan Hawayi duniya ta tafa masa, alhali 'yar makarantar da ke 'yan tituna kaɗan daga otal ɗin ba ta da damar karatu da harshen da sunan ya fito. Daga baya sunan ya zama hajar kasuwa, aka liƙa shi a jikin shaguna da kaya, har da wata unguwa da aka yanka filayenta a gundumar Puna, wadda narkakken dutsen Kīlauea ya ɓarke a tsakiyarta a watan Mayun 2018.

Abin da muka sani game da tsohuwar al'adar, kaso mai tsoka daga hannun Mary Kawena Pukui ya zo. An haife ta a 1895, kakarta ta wajen uwa ce ta rene ta da harshe da al'adun gargajiya. Sunanta ma ya isa shaida: Mary a gaba, Kawena a baya, Kawenan kuma somin wani dogon suna ne da ba ya shiga layi ɗaya na takarda. Ita da Samuel Elbert suka fitar da ƙamusun harshen a 1957, a littafin Nānā i ke Kumu na 1972 kuma ta bayyana yadda ake samo suna da yadda ake warware shi idan ya yi wa yaro nauyi.

A 1978 kundin tsarin mulkin jihar Hawayi ya amince da harshen tsibiran a matsayin harshen hukuma tare da Turanci. A lokacin abin ya kusa ƙurewa, domin a farkon shekarun 1980 masu fafutuka sun ƙiyasta cewa yaran da ke jin harshen sosai ba su kai 50 ba. A 1983 wasu malamai da iyaye suka kafa ƙungiyar ʻAha Pūnana Leo, suka buɗe makarantar renon yara ta farko a tsibirin Kauaʻi a 1984, inda tsofaffi suke zama da ƙananan yara suna yi musu magana da harshen zalla. A 1986 aka ɗage takunkumin koyarwa da shi. Iyaye suka koma wurin dattawa neman suna, aka dawo da dogayen sunaye masu ɗauke da labarin gida, wasu ma ba tare da na Turanci a gaba ba.

Yau a Jami'ar Hawayi da ke garin Hilo ana karatu da harshen har zuwa digirin digirgir. Kwalejin da ke wannan aiki tana amsa sunan Gimbiya Ruth Keʻelikōlani, wadda ta yi gwamnan tsibirin Hawayi ta kuma rasu a 1883. Gimbiyar tana jin Turanci, amma ta ƙi magana da shi, duk Baturen da ke da buƙata a wurinta sai ya zo da tafinta.