Dutsen Kagoro: Ganuwar da Ba a Gina Ba

Duk wanda ya tambayi inda zai ga fadar yaƙi a kan dutse a kudancin Kaduna, Kajuru za a nuna masa. Ginin na nan bisa fa, da hasumiyoyi da kurkuku da katangar dutse mai kauri, sai ka ce daga Jamus aka ɗauko shi aka dire. Kusan hakan ne ma, domin wani Bajamushe mazaunin Kaduna ne ya gina shi a shekarun 1980 don hutawa, har da wurin ninƙaya a ciki. Ba a taɓa harba ko kibiya ɗaya daga kansa ba. Mai neman inda aka yi tsaro na haƙiƙa sai ya ƙara nausawa kudu, ya wuce Kachia da Zonkwa, har ya hango Dutsen Kagoro, 'yan kilomitoci gabas da Kafanchan.

Dutsen wani hannu ne na tsaunukan Filato da ya miƙo yamma ya tsaya cak a kan fili. Gefensa a tsaye yake, samansa kuma na da faɗin da za a yi gida da gona. Iskar damina idan ta taso daga kudu maso yamma a nan take karo, shi ya sa ruwa ya fi sauka a wannan yanki fiye da Zariya, ƙoramu kuma ke gangarowa daga sama. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga mai nazarin yaƙi: tungar da ba ruwa, ƙishirwa ce ke cin ta kafin abokin gaba. Masu wurin, waɗanda Hausawa ke kira Kagoro, suna kiran kansu Agworok, dutsen kuma Afan. Labarin bakinsu ya ce daga gabas kakanninsu suka zo, kuma a sama suka fara sauka.

Abin da ya mai da dutsen mafaka shi ne doki. Ƙarfin Zazzau, tun zamanin sarakunan Haɓe har bayan jihadi, a kan barade yake, kuma kudu ce inda ake zuwa neman bayi. Wajen 1810 aka kafa masarautar Jama'a a ƙarƙashin Zazzau, kuma M. G. Smith ya nuna a littafinsa na 1960 kan mulkin Zazzau cewa bayi na cikin gaisuwar da irin waɗannan ƙasashe ke aikawa Zariya. Ke nan maharan ba daga nesa kaɗai suke zuwa ba, maƙwabta ne. To amma doki gwanin fili ne. Da zarar hanya ta zama tsagi tsakanin duwatsu, inda mutum ɗaya ne ke iya wucewa, barde sai ya sauka ya bi da ƙafa, da lifidi da nauyin kaya, alhali wanda ke sama na da kwari da baka da kibiya mai dafi, ga duwatsu na gangarawa kyauta.

A gindin dutse ma ba a bar fili haka kawai ba. Ana kewaye gidaje da ƙerana, itacen nan mai ƙaya da farin ruwa wanda in ya shiga ido ya kan makantar. Shinge ne mai rai: ba ya rushewa da damina kamar katangar ƙasa, kullum ƙara tsawo yake, kuma lungunan da ke tsakaninsa sun isa su ruɗa baƙo. Ɗan gida ya san inda zai ɓulle. Mahari da dokinsa sai dai ya yi ta kewaye ana harbinsa ta kafa. Kogunan dutse kuwa wurin ɓoye mata da yara da hatsi ne. Da wannan Kagoro ta fita ƙarni na 19 ba ta bi Jama'a ba, ba ta bi Zazzau ba.

A ganina, a nan ne nazarin ya fi daɗi, idan aka ajiye Kagoro kusa da biranen Hausa. Su ma Hausawa a gindin dutse suka fara: Dala a Kano, Kufena a Zariya, da Turunku, wadda kufanta ke ƙaramar hukumar Igabi, kuma jerin sarakunan Zazzau ke danganta ta da Bakwa Turunku, wajen 1536. Sai dai su sun sauko sun zagaye kansu da ganuwa. Tarihin Kano ya ce a zamanin Gijimasu, tsakanin 1095 da 1134, aka fara ginin ta Kano. Ganuwa kuwa aikin gayya ce ta dubban hannaye, kuma sai an yi mata yaɓe a kai a kai. Ba ta tashi sai da sarkin da zai ce a fito a fito. Agworok ba su da irin wannan sarki. Dattawan zuriya da masu kula da tsafi ne ke riƙe da al'amura, kowace unguwa da nata. Tsaron da ya dace da mutane irin waɗannan shi ne wanda ba ya buƙatar umarnin kowa, wato dutse da shingen da kowane magidanci zai dasa da kansa. Fadar yaƙin Turai, irin wadda aka kwaikwaya a Kajuru, abu ne na uku daban: gidan mutum ɗaya ne mai ƙasa, talakawansa na waje. Ƙila shi ya sa Hausa ba ta da kalma guda da ta yi daidai da ita.

Bindiga mai ruwa ce ta kashe amfanin dutsen. Daga wajen 1905 sojojin Turawa suka riƙa kai farmaki, suna ƙone gidaje da rumbuna, kuma ba a karo ɗaya aka gama ba. A. J. N. Tremearne, wanda ya yi aikin mulki a Jama'a, ya ba da labarin wannan a littafinsa na 1912. Littafi ne cike da raini, amma mai haƙurin karanta shi zai ga irin wuyar da wurin ya ba su. Turawa suka naɗa sarki, suka bar Kagoro a matsayin ƙasa mai cin gashin kanta, kamar Marwa da Jaba, ba a ƙarƙashin wani sarkin Fulani ba. Haraji da kasuwa da makarantar mishan duk a ƙasa suke, jirgin ƙasa kuma ya iso Kafanchan a ƙarshen shekarun 1920. Mutane suka yi ta saukowa. Gwamna Awan, wanda ya hau sarautar Kagoro a 1945 ya rasu a 2008, garin gindin dutse ya mulka.

Kufan sama ba shi da hasumiya da za a ɗauka hoto. Abin da tsohon mazauni irin wannan ke bari ƙasa-ƙasa yake: da'irar duwatsu inda ɗaki ko rumbu ya zauna, kwarmin niƙa da hannun mata ya lotsa a jikin fa, gutsattsarin tukwane. Sai mai ido, ko ɗan gari da zai ce maka nan gidan su wane ne. Sunan dutsen dai bai ɓace daga bakin mutane ba. Kowace 1 ga Janairu ana bikin Afan a Kagoro, maharba su fito da kwari da baka, ana kiɗa ana rawa a fili, dutsen na tsaye a bayansu.