Kafin Ka Sayar da Bijimai Don Karatun Tuƙin Jirgi

 Ga abin da muka tattauna a filinmu na tarihi, mun rubuto shi saboda wanda yake daji da dabbobi ko yake kan hanya ranar da aka watsa shirin.

Abin da ya jawo maganar shi ne tambayar wani dattijo mai fataucin shanu a nan Shaguwa. Ɗansa ya gama sakandare, ya ce shi dai matuƙin jirgin sama yake son zama. Yaron ya kawo masa takardun talla na makarantu biyu, kowace ɗauke da hoton jirage masu sheƙi da ɗalibai cikin fararen riguna. Baba ya ce: «Ni shanu na sani. In na dubi saniya na san mai lafiya. To makarantar jirgi fa, ina ake duba mata?» Kuɗin wannan karatu ba na wasa ba ne, yana iya cinye garke guda, don haka tambayar ta cancanci amsa. Amsar kuwa tana cikin tarihi.

Ka fara sanin cewa jirgin sama ba baƙo ba ne a wannan hanya tamu. A 1925 jirage uku na sojan saman Ingila suka taso daga Masar, suka ratsa Sudan da ƙasar Chadi, suka sauka Kano ranar 1 ga Nuwamba. A 1936 kamfanin Imperial Airways ya buɗe zirga-zirga daga Khartum zuwa Kano, yana yada zango a Abeshe da Fort-Lamy da Maiduguri. Fort-Lamy ɗin nan ita ce N'Djamena, sai a 1973 aka sauya mata suna. Lokacin yaƙin duniya na biyu, dubban jiragen yaƙi da aka harhaɗa a Takoradi ta Gana sun bi ta Kano da Maiduguri da nan garin zuwa Masar. Kusan hanyar da kakanninmu alhazai suke bi a ƙasa ce jirgi ya bi ta sama. Sai dai duk wannan zamani Turawa ne a kujerar tuƙi. Namu aikin bai wuce share fili da mirgina gangunan mai ba.

Da aka samu 'yancin kai, ƙasashe suka tashi neman nasu matuƙan. Ƙasashen da Faransa ta raina, har da Chadi da Nijar da Kamaru, sun haɗu a hukumar ASECNA da aka kafa a 1959 don kula da sararin samaniyarsu. Hukumar tana da makaranta a Yamai mai suna EAMAC, wadda ke horar da ma'aikatan hasumiya da masana yanayi da injiniyoyin na'urori. Ka lura da kyau, ba a koyar da tuƙi a can, kada wani ya karɓe maka kuɗi da sunanta. Ita kuwa Najeriya a 1964 ta kafa makarantar koyon aikin jiragen sama a Zariya, kan hanyar Samaru, wadda yau ake kira NCAT. An fara ta da haɗin gwiwar Majalisar Ɗinkin Duniya da hukumar jiragen sama ta duniya, wato ICAO, har ƙarshen 1974 da gwamnatin Najeriya ta karɓi ragamarta gaba ɗaya. A harabar nan guda ake horar da matuƙi da injiniyan gyaran jirgi da ma'aikacin hasumiya, kowa ya san wahalar aikin ɗan'uwansa tun yana ɗalibi. A nan ne Chinyere Kalu ta shiga karatu a 1978, ta zama mace ta farko a Najeriya da ta samu lasisin tuƙa jirgin fasinja, kuma a 2011 ta dawo ta shugabanci makarantar. Habasha ma tana da babbar makaranta a Addis Ababa ƙarƙashin kamfanin Ethiopian Airlines, ɗalibai daga ƙasashen Afirka da dama suna zuwa.

To amma tarihin makarantu bai isa ya amsa tambayar Baba ba. Sai mun leƙa ɗakin tuƙi, mun ga abin da ya canza tunanin masu koyarwa a duniya baki ɗaya.

A da, kyaftin sarki ne a jirginsa. Mataimaki ba ya musa masa, ba ya gyara masa. Ranar 27 ga Maris 1977, a tsibirin Tenerife na ƙasar Sifen, manyan jirage biyu ƙirar Boeing 747, ɗaya na kamfanin KLM ɗaya na Pan Am, suka tsinci kansu a titin tashi guda cikin hazo mai kauri. Kyaftin ɗin KLM babban mutum ne, shi ne shugaban masu horar da matuƙan irin wannan jirgi a kamfaninsa. Ya ɗauka an ba shi izinin tashi, alhali ba a ba shi ba. Injiniyan da ke zaune bayansa ya tambaya ko ɗaya jirgin ya kauce daga titin. Kyaftin ya amsa da ƙarfi cewa ya kauce, ba wanda ya sake tankawa. Jiragen suka yi karo, mutum 583 suka rasu. Har yau ba a yi haɗarin jirgi da ya ci rayuka kamar wannan ba. Jirgin lafiyarsa ƙalau, matuƙin kuma gwani ne. Mutum guda ya yi shakka, girman na gaba ya hana shi dagewa.

Kusan shekara biyu bayan haka, a Disambar 1978, wani jirgin United Airlines ya yi ta zagaye saman birnin Portland na Amurka kusan awa guda, kyaftin ya duƙufa kan matsalar tayoyin sauka. Abokan aikinsa sun ga mai yana ƙarewa, sun faɗa, amma a sanyaye. Mai ya ƙare, jirgin ya faɗi, mutum 10 suka mutu. Daga nan hukumar NASA ta kira taro a 1979, aka fito da sabon darasi da ake kira CRM, wanda kamfanin United ya fara koyarwa a 1981. Ma'anarsa a taƙaice: ƙarami ya koyi faɗin abin da ya gani ƙarara, babba ya koyi saurare, a yi amfani da idon kowa da kunnen kowa.

An ga amfaninsa ranar 19 ga Yuli 1989. Injin wani jirgin United ya tarwatse a sama, ya lalata duk hanyoyin sarrafa jirgin. Kyaftin Al Haynes bai ce shi kaɗai ya iya ba. Ya saurari abokan aikinsa, har ya karɓi taimakon wani malamin tuƙi da ke cikin fasinjoji, suka riƙa juya jirgin da ƙarfin injuna biyun da suka rage har filin Sioux City. Jirgin ya kife wajen sauka, amma cikin mutum 296 fiye da 180 sun tsira. Shi kansa Haynes ya danganta tsirarsu da wannan horo.

Kada ka ce wannan labarin Turai ne. Ranar 5 ga Mayu 2007, da tsakar dare, jirgin Kenya Airways ya tashi daga Duwala ta maƙwabciyarmu Kamaru zuwa Nairobi, cikin hadari. Ko minti biyu bai yi a sama ba ya faɗa cikin fadama, duk mutum 114 da ke ciki suka rasu. Binciken hukumar jiragen sama ta Kamaru ya gano jirgin ya riƙa karkata dama a hankali ba wanda ke tuƙa shi, don an zaci na'urar da ke tuƙi da kanta ta karɓa, alhali ba ta karɓa ba. Kyaftin yana da shekara 52, mataimakinsa 23. Rahoton ya nuna kyaftin mai tsauri ne ga na ƙasa da shi, saurayin kuma mai kawaici ne, bai ja hankalinsa da wuri ba.

A nan ne maganar ta shafe mu. Mu an raine mu da kunya da girmama na gaba. Yaro ba ya ɗaga murya gaban babba, Bafulatani ma ya san abin da pulaku yake nufi. Tarbiyya ce mai kyau, ba wanda ya ce a yar da ita. Amma kai makiyayi ka sani, in yaronka ya hango kura ta nufo maruƙa, ba ka son ya tsaya gaisuwa, so kake ya yi ihu. Ayarin fatake na da ma haka yake: madugu ne shugaba, amma akwai jagaba a gaba, kuma madugun da bai saurari jagabansa ba shi ke kai ayari rijiyar da ta ƙafe. Kai ma direban babbar mota da ke bin hanyar Kusiri zuwa Gamboru, in yaron motarka ya bubbuga bodi kana taka birki kafin ka tambayi dalili. Abin da makarantar kirki take koya wa ɗanka ke nan: ya ce «Kyaftin, tsaya» cikin ladabi, da murya mai fita, kuma ranar da ya zama kyaftin ya ji daɗi in an ce masa haka.

Ba a koyon wannan daga littafi kawai. Zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. Ɗalibi yana shafe awowi masu yawa a ƙaramin jirgi, kafaɗa da kafaɗa da malaminsa, su biyu rak. Bisa ƙa'idar ICAO, lasisin tuƙin kai da kai yana bukatar awa 40 a sama, na tuƙin kasuwanci kuma awa 200, ko 150 a shirin da hukuma ta amince da shi. In malamin mai tsawa ne da zagi, yaro zai koyi ɓoye kuskure. Ya sauka da ƙarfi ya wahalar da tayar jirgi, sai ya yi shiru don tsoro, gobe wani ɗalibin ya tashi da jirgin. In kuwa makarantar tana gode wa wanda ya kawo rahoton kuskurensa, kowa ya tsira.

Saboda haka, Baba, kada ka yi cinikin biri a sama. Ka je da ƙafarka ko ka aiki wanda ka yarda da shi. Farko ka tabbatar hukumar jiragen sama ta ƙasar ta amince da makarantar, a Najeriya NCAA ce, sannan ka tambayi hukumar ADAC a nan N'Djamena yadda za a karɓi lasisin in yaron ya dawo gida. Kafin ka biya ko sisi, a kai shi gwajin lafiya na matuƙa, na ido da kunne da zuciya, don in ya faɗi a nan zancen ya ƙare. Ka tuna da Turanci ake magana da hasumiya a zirga-zirgar ƙasa da ƙasa, kuma ICAO ta gindaya matakin da dole matuƙi ya kai, don haka ɗan da ya yi karatu da Faransanci ko Larabci yana bukatar makarantar da za ta yi haƙuri da shi, ba wadda za a yi masa dariya a rediyo ba.

Bayan nan sai ka zauna da ɗalibai inda babu malami. Ka tambaye su: jirage nawa ne ke tashi a zahiri, nawa ke kwance? Sau nawa ɗalibi ke tashi a mako? Wanda ya shiga bara, yanzu awa nawa yake da shi? Karatun da aka ce na shekara biyu yana iya jan ƙafa in babu mai ko kayan gyara, kai kuma kana ta biyan kuɗin abinci da ɗaki. Ka tambaya me ake yi lokacin hunturu in ƙura ta rufe gari: ana haƙura a koma aji da na'urar kwaikwayon tuƙi, ko ana matsa wa yara su tashi don a cike awowi? Ka tambaya ko ɗalibi ya taɓa cewa yau ba zai tashi ba saboda gajiya ko rashin yarda da jirgin, da abin da aka yi masa. Ka dubi yadda malamai ke yi wa makanikai magana. Ka dubi yadda ake zama da baƙo da mace, da ko yaro zai samu wurin salla da abincin da zai iya ci. Ka ga ko manyan ɗalibai suna jan ƙanana a jiki ko bautar da su suke yi. Kuma ka nemi biyan kuɗi kashi-kashi, a rubuce, kada ka zube duka lokaci guda.

Mun kai wa dattijon wannan amsa har gida. Ya ce ba zai taɓa bijimi ko ɗaya ba sai bayan ya je ya gani, kuma ƙaninsa da ke kai kaya Kano zai fara leƙa masa Zariya. Wanda yake da ɗa ko ƙane da ya yi wannan karatu, a ko'ina ne, ya aiko mana da labarin yadda zaman ya kasance, mu karanta a shiri na gaba. Allah ya tsare matafiya na ƙasa da na sama, ya albarkaci dukiya da zuriya. Mu kwana lafiya.